Ƙwanƙwasau da Gurgun Kiɗa

Mijin autata ba shi da sana'ar da za a nuna da yatsa a ce ga ta nan. Tela yana da rigar da ya ɗinka, kafinta yana da kujerarsa, Malam maigidana da yake magini rabin katangun unguwar nan hannunsa ne. Shi kuwa surukin nawa iska yake ƙerawa. A kashe wuta, ka nemi aikinsa ka rasa.

Ƙwanƙwasau ake ce masa, kuma ba bakina ba ne, ko da yake an san ni da raɗa wa mutane suna. Da abinsa ya zo mana. Uwarsa ta faɗa min tun yana rarrafe murfin tukunya bai taɓa hutawa a gidansu ba. Ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ƙwanƙwasa bokiti, in an ƙwace komai ya koma kan haƙoransa da farce. Ubansa mai walda ne, ya gaji da faɗan da ba ya shiga, ya kai shi wurin mai gyaran rediyo ko zai natsu. A can ya haɗu da rabonsa. Wani makaɗi ya kawo akwatin kiɗa gyara, ya bar gari bai sake waiwayowa ba. Akwati ya sha ƙura a ƙarƙashin tebur har mai shago ya ce a jefar. Ƙwanƙwasau ya kwance shi, ya goge, ya sauya 'yan wayoyi, abu ya yi tari ya farfaɗo. Tun ranar rediyoyin mutane suka shiga uku.

Yanzu yana da ɗakinsa a bayan shagon mai aski. Na taɓa zuwa kai saƙon Auta, na ga abin da idona. Bango duk an manne shi da kwalin ƙwai, wai don kada ƙara ta fita, fanka tana juyi kamar ba ta so, wayoyi a ƙasa sai ka ce an zubar da hanjin rago. Akwatin yana kan tebur, baƙi, faɗinsa bai wuce tiren shayi ba. A bakinsa akwai jerin maɓallai goma sha shida, kowanne da 'yar fitilarsa ja, shi yana ce musu gurabe. Wani haske yana gudu a kansu daga hagu zuwa dama, in ya kai ƙarshe ya komo farko, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Gurbin da ya danna ya kunna, in hasken ya iso sai ya yi ƙara. Wanda ya bari a kashe sai a wuce shi shiru. Zai zaɓi babbar ganga ya dasa ta a inda yake so, ya zaɓi ƙarama ya dasa, ya kawo tafi, ya kawo kacau-kacau, rami bayan rami kamar mai shuka. Ya saurara, ya cire wannan, ya matsar da wancan. Aikin ke nan. Mawaƙa da masu tallar rediyo suna layi a benci don wannan danne-dannen.

Ranar na tarar da wata mawaƙiya mai ƙatuwar murya tana rantsuwa cewa ita daidai take shiga. Bai yi mata gardama ba. Ya maido mata muryarta a kan kiɗan, ya nuna mata fitilar.

"Yaya, ga inda ganga ta faɗi, ga inda kika faɗo. Akwati ba ya karkacewa, mutum ne ke karkacewa. Mu sake."

Na ce a raina, wannan yaro da Malam uwa ɗaya ta haifi taurin kansu. Malam ma haka yake da igiyar awonsa. Ya sha rushe layin bulo guda don ya kauce da kaurin farce. Amma ka san mai hali ba ya son mai irin halinsa. Malam bai hana auren ba, don Auta ta ce shi take so kuma yaron ba shi da abin kushewa, sai dai bai taɓa ɗaukar aikinsa aiki ba. In ya zo gaisuwa ya durƙusa a gaban dakalin ƙofar gida, kansa a sunkuye, sai Malam ya ce, "Ya danne-danne?" Shi kuma ya ce, "Da godiya, Baba." In ya tashi, Malam ya juyo gare ni: "Kiɗan da babu fata, babu gumi. Ko kaza aka ɗora a kai ai za ta yi."

Haka muka yi ta tafiya har ciwon karkarwa ya kama Malam.

Da hannu ya fara, shayi yana zuba a riga. Wannan bai dame shi ba, ya riga ya ajiye cokalin gini. Da ya sauka ƙafa ne magana ta lalace. Zai miƙe lafiya lau, ya nufi ƙofa, sai ƙafafun su manne da ƙasa kamar an zuba musu siminti. Kai yana so, ƙirji ya yi gaba, ƙafa ta ce ba da ita ba. Wata safiya ya faɗi a tsakar gida ya fasa gira.

Babban ɗanmu, wanda ƙannensa ke ce wa Yaya, yana aikin ofis a wani gari mai nisa. Ya zo ya ga girar ubansa a ɗinke, ya fita waje ya share hawaye, ya dawo da hukunci. Ba zan ce mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ya ce ya gyara ɗaki a gidansa, ƙasa shimfiɗe babu tudu, ga asibiti kusa, zai sayi keken marasa lafiya. Ƙarshen wata zai zo da mota.

Malam ya ce, "Gidan nan ni na haƙa tushensa. Babu bulon da bai san tafin hannuna ba. A nan za a ɗauke ni, amma ba a mota ba."

Aka yi ta ja, har Yaya ya sassauto ya ce, "To Baba, in na dawo ka fito daga ɗakinka da ƙafarka, ka ratsa tsakar gida ka zauna a dakalinka ba wanda ya riƙe ka, na bar ka. In ba haka ba, ka yi haƙuri, ba zan zauna ina jiran waya ba."

Ni na san Malam. A kai shi gidan da wani ya gina, a zaunar da shi a keke yana kallon katangar da ba ta miƙe ba, ba zai ga damina ba.

Likitar gashin ƙashi, wadda ke koya wa marasa lafiya tafiya a asibiti, ita ta ba mu dabara. Yarinya ce mai hankali. Ta ce masu irin ciwon nan sau da yawa in kunne ya ji bugu a jere, ƙafa tana bi. Ta ce mu riƙa yi masa tafi. Muka dawo gida na gyara tsayuwa na fara. Malam ya watso min harara.

"Tatata za ki koya min? Saura ki ɗauko zane ki goya ni."

"Da bayana zai ɗauka da na goya, ko na huta da bakinka."

Auta ce ta ce, ga mai kiɗa a gida ana neman tafi a waje? Malam ya ce ko a mafarki. Na ce masa to ya zaɓa, akwatin suruki ko keken ɗa. Ya juya fuska bango. A wajen Malam wannan amincewa ce.

Washegari da hantsi Ƙwanƙwasau ya rufe ɗakinsa, ya bar mawaƙa a benci, ya zo da akwati a hammata da 'yar lasifika. Ya shimfiɗa tabarma a inuwar baranda. Yaro ya ga dama ta samu ya nuna wa surukinsa ko shi wane ne, sai ya zazzage duk abin da ya iya. Babu gurbin da bai cika ba. Ganga a kan ganga, tafi, ƙararrawa, wani abu mai kukan gyare. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce me ake yi ba a gaya mata ba? Malam yana tsaye a ƙofar ɗaki riƙe da sanda, ko yatsa bai ɗaga ba.

"Wanne zan bi a ciki? Ƙafa biyu gare ni, ba ni da ta ƙaguwa."

Ƙwanƙwasau ya ji kunya, amma yana da abu guda, ba ya fushi da gyara. Ya bi gurabe yana kashewa, fitila bayan fitila, har ya rage bugu biyu tak, na dama da na hagu, tazararsu ɗaya kamar an auna da igiya. Dum, tak, dum, tak. Tsaf, babu ƙura.

Sai ga ƙafar Malam ta ɗaga. Wallahi ta ɗaga. Ya taka, ya sake takawa, Auta ta toshe baki. Bai yi nisa ba na ga ya fara rikicewa, yana jefa ƙafar hagu tun ba ta shirya ba don ya cim ma bugun, jiki ya karkata, ya tafi luu ya daki bango da kafaɗa. Da ban tare ba da ɗinki ya zama biyu.

Aka rage gudun kiɗa. Haka. Aka ƙara. Ya fi muni. Kwana da kwanaki ana abu ɗaya, wata yana ƙarewa, Malam kullum da sabon tabo da sabon zagi. Ranar da ya ce a fitar masa da tarkacen nan daga gida ya shige ɗaki, Ƙwanƙwasau ya zauna ya yi tagumi a gaban akwatinsa. Na ajiye masa shayi. Ya yi ƙasa da murya kada a ji.

"Inna, kiɗan daidai yake. Na duba, na sake dubawa. Baba ne yake makara a ƙafar hagu. In ya daure ya bi bugun, za ta miƙe."

Na dube shi sama da ƙasa.

"Za ta miƙe? Kai ɗan nan, ƙafar da ta fara makara tun uwarka ba ta san ubanka ba, ita za ka miƙar da 'yar fitila?"

Ya ɗago ido, abin da bai taɓa yi a gabana ba. "Dama can haka take?"

Ashe bai sani ba. Kuma ina zai sani? Duk zuwan da yake yi, Malam yana zaune a dakali, shi yana durƙushe yana ƙirga tururuwa. In Malam ya miƙe, shi ya kau da kai don kunya. Shekara da shekaru yana auren 'yar mutum bai taɓa kallon tafiyarsa ba. Na gaya masa Malam yana saurayi ya faɗo daga saman gini, ƙugu ya goce, aka ɗora ya kama a karkace. Tun daga nan dama ke faɗuwa da nauyi, hagu ta ja ƙasa kaɗan sannan ta iso. Da wannan tafiyar ya zo neman aurena, da ita ya hau kowane tsani a garin nan. Ciwo ya zo ya tarar da ita.

Can ya turo min tiren shayin.

"Inna, buga min yadda take."

Wannan ba sai na yi tunani ba. Matar da ta yi aure tana jiran miji da abinci a wuta ta san takunsa tun daga bakin layi, ta san na ranar da aka samu da na ranar da ba a samu ba. Na sa tafin hannu na buga: dum, sannan ɗan jinkiri, tak, sai dum ya biyo da sauri. Na maimaita. Ya karkata kai yana ji, fuskarsa ta yamutse kamar an ba shi maɗaci.

"Inna, wannan ai gurgun kiɗa ne. In wani a cikin masu zuwa wurina ya ji an ce ni na haɗa, sai dai in koma gyaran rediyo."

"To wa ya ce maka mai lafiya za ka yi wa? An ce in kiɗa ya canza rawa ta canza. To wannan rawar ta tsufa, kiɗan ne zai bi ta. Danna."

Ya danna. Ya kashe fitilar tak, ya kunna ta gurbin gaba. Haske ya zagayo. Na ce ya yi nisa, wannan mai jan ƙafa ne kamar an ɗaura masa dutse, Malam bai lalace haka ba. Ya maido ta inda take. Na ce ai nan muka taso. Ya ce to Inna babu gurbi a tsakani. Na ce ya nemo, shi da ya ce akwatinsa ya fi mutum. Ya sosa ƙeya, ya ce akwai hanya, shi dai bai taɓa amfani da ita ba don a ganinsa ta masu ɓata kiɗa ce. In ya danne gurbin da yatsa ya murɗa wani ɗan murfi a sama, bugun zai gusa kaɗan-kaɗan ba tare da ya bar gidansa ba.

Na rufe ido. Ya murɗa.

"Ƙara."

Ya ƙara.

"Ƙara dai, ba gishiri kake zubawa ba. Tsaya, ka zarce. Dawo. Kaɗan. To, rage wa na hagun ƙarfi, ba ya dukan ƙasa haka, lallaɓa ta yake yi. Na daman ka ba shi nauyi."

Ya rage, ya ƙara. Na ce saura jan takalmin. Ya nemo wani sauti mai shii, ya dasa shi a gurbin da ke kafin tak, ya yi ƙasa da shi har sai ka kasa kunne. Haske ya zagayo. Dum, shii-tak, dum, shii-tak.

Na ji kamar in miƙe in sauke tukunya, ga shi nan ya shawo kwana da ƙurar siminti a gira. Na kau da kai, don ban saba kuka a gaban suruki ba. Daga cikin ɗaki sai muka ji muryar Malam:

"Wane mara kunya ne ya sa takalmina yake yawo a tsakar gida?"

Na ce, "Fito ka kama shi."

Ya fito. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sauraro, kansa yana ɗan gyaɗawa. Ƙwanƙwasau ya riƙe shi ya tsallakar da shi dokin ƙofa, ya sake shi. Dama ta faɗi a kan dum. Hagu ta ja ta sauka a kan tak, ba gaggawa, bugun yana nan yana jiranta. Ya ratsa tsakar gida har bakin rariya ya tsaya yana haki. Ya juyo ya dubi akwatin, ya dubi mai akwatin.

"Kawo abin nan in gani."

Aka ɗora masa a cinya. Ya sa aka nuna masa yadda ake kunnawa da kashewa, ya bi jerin da yatsansa mai rawa, ya daɗe yana kallo.

"Ashe bulo kake jerawa."

"Kusan haka ne, Baba."

"Ba kusan ba ne. Layi ne, ga inda ka sa, ga inda ka bar taga. To me ya sa tun farko ba ka zo ka auna filin ba ka kama gini? Wa ya koya maka aiki?"

Daga ranar na rasa kunnena. Malam ya samu lebura. Kullum da hantsi suna baranda, kai a haɗe, yana ba da umarni: matsar da wannan, wancan bai zauna ba, yau ƙafar ta yi nauyi rage gudu. Ƙwanƙwasau yana cewa to Baba, wani lokacin kuma ya ce a'a Baba, ka sake ji. Har musu suke yi. Ni da Auta muna kallon ikon Allah.

Dokin ƙofa ne ya rage mana. Malam da kansa ya ɗaga shi don ruwan sama, kuma nan ne ƙafar ta fi mannewa. Na ce a kira mai guduma a fasa. Ya ce sai dai a fasa kaina. Ƙwanƙwasau ya yi wa dokin ƙofar nasa kiɗan daban. Ya kashe gurabe a jere ya bar fili, shiru kamar mai jan numfashi, sannan ya dasa wata ƙatuwar ganga guda a ƙarshe. Shirun na ɗaga ƙafa ne, gangar ta saukewa. Sun ɓata safiya guda suna faɗaɗa shirun nan da ƙuntata shi, gurbi ɗaya gaba, gurbi ɗaya baya, kafin ya yi daidai da ƙugun Malam.

Abin da ban gane ba a lokacin, na ga kullum fitilun suna raguwa. Yau babu shii. Gobe an rage wa tak murya. Na tambaye shi ko akwatin ne ya fara lalacewa. Ya yi murmushi ya ce, "Inna, in gini ya bushe ai cire katako ake yi." Na ce lallai zama da Malam ya fara yi maka illa.

Ƙarshen wata Yaya ya iso da rana tsaka, da mota da sabon keke a naɗe cikin leda. Ya gaishe mu, ya ga akwati a baranda, ya dubi ƙanwarsa.

"Auta, gidan rawa kuka mai da gidan?"

"Yaya, kai dai zauna ka sha ruwa."

"Ba zama na zo yi ba, hanya da nisa. Inna, an haɗa kayan?"

Na ce, "Kayan wa? Je ka tsaya a ƙofar gida, kuma ka sa hannunka a aljihu. In ka taɓa shi ka karya sharaɗinka da kanka."

Ya tafi ya tsaya, fuska a ɗaure. Malam ya bayyana a ƙofar ɗaki da farar riga da hula, sanda a dama. Hannun yana rawa, kuma na ga ƙafafun sun manne, don idon ɗansa yana kansa. Amma ban karaya ba. Na san abin da na ji da kunnena.

Ƙwanƙwasau ya danna. Shiru, sannan ƙatuwar ganga. Malam ya tsallake dokin ƙofa kamar bai taɓa gaba da shi ba. Yaron ya sauya zuwa kiɗan tafiya, dum, tak, dum, tak, gurgu kamar mai shi. Malam ya wuce igiyar shanya, ya wuce rariya, ya wuce ɗansa ko kallo bai yi masa ba, ya fita ya zauna a dakali ya gyara hula.

Yaya ya bi ubansa da kallo. Amma ɗana ne, ba a kayar da shi da wuri.

"Na gani, kuma na gode wa Allah. To amma kullum za a riƙa bin sa da akwati? Mutumin nan yana da iyali da sana'a. In an ɗauke wuta fa? In Baba zai shiga banɗaki sai an aika a kira makaɗi?"

Gaskiya ya faɗa. Malam ne ya miƙe ya ce, "Kai, kunna. Zan koma ciki, rana ta yi zafi."

Aka kunna, ya kamo hanya. Yana tsakiyar fili na ga yatsan Ƙwanƙwasau ya sauka a kan gurbin tak. Fitila ta mutu. Saura dum kaɗai, hagu tana sauka a cikin shiru, daidai inda ta saba. Ya bari aka ɗan taka, ya sake sa yatsa. Dum ma ta mutu. Haske yana ta zagaya gurabe babu abin da ke ƙara, gidan ya yi tsit. Malam bai tsaya ba. Da ya zo wucewa ta gabana na ji shi yana yi da bakinsa ƙasa-ƙasa, dum, tak, dum, tak, sandar tana taya shi. A bakin ɗaki ya ja numfashi, ya ce "dum" da ƙarfi kamar mai tsawata wa lebura, ya tsallake.

Ya juyo daga ciki ya ce wa ɗansa, "Ka gaida mutanen gidan."

Yaya ya yi dariya, hawaye yana zuba, ya je ya kama hannun Ƙwanƙwasau da hannu biyu. Ya kwana, washegari ya koma da motarsa babu kowa a baya. Keken ya bar mana, ya ce ko don wata rana.

Kada in yi ƙarya, ciwo yana nan, ba kiɗa ke warkar da shi ba. Akwai ranar da bakin Malam ba ya isa, sai Auta ta kunna masa bugun a waya, don mijinta ya zuba mata a ciki. Akwai ranar da ko wannan ba ya yi, mu ɗora shi a keken mu haƙura. In jikin ya sauya, Ƙwanƙwasau yakan zo da akwati a hammata su sake aunawa, ya gusa wannan, ya rage wancan. Sauran ranaku keken yana baranda, ni nake ɗora wanki a kai.

Mai aski ya gaya wa Auta wai yanzu surukina ya lalace. Mawaƙiyar nan mai ƙatuwar murya ta dawo, ta shiga a makare kamar yadda ta saba, maimakon ya ce mu sake sai ya ce ta ƙara yi ya ji, ya danne gurbi ya murɗa ya kai mata gangar inda take. Wasu yana miƙar da su har yanzu, don akwai karkatar da lalaci ce kawai, amma sai ya saurara tukuna. Akwatin kuma ya cika, kullum sai ya goge tsohon kiɗa kafin ya ajiye sabo, sai dai akwai guda, gurgun nan na Malam, a can ƙarshe da ko hannu ba ya kai wa kusa.

Jiya ya zo gaisuwa ya durƙusa a gaban dakali. Malam ya matsa ya buga wurin da ke gefensa da tafin hannu.

"Tashi ka zauna nan. Ya ginin?"

"Da godiya, Baba."

Ina daga ciki na ce, ku dai ku gama ginin iskarku ku shigo, abinci yana hucewa.